Wanda Ya Saya Maka Data Ba Shi Zai Kwana A Caji Ofis Ba

Jawabin shugaban matasa a zaman bita na 'yan soshiyal midiya. Mun rubuto shi don waɗanda ba su samu halarta ba.



Shugaban wannan zama, ranka ya daɗe. Iyayenmu da suka bar harkokinsu suka zo, Allah ya saka da alheri. 'Yan uwana matasa maza da mata, musamman ku da kuke riƙe da shafukanmu da guruf-guruf ɗin WhatsApp, yau da ku nake.

An ce in yi magana a kan dokar ɓata suna. Ni ba lauya ba ne. Difloma gare ni, kuma ba ta shari'a ba ce. Abin da zan faɗa na tsince shi ne a bencin kotun majistare da bakin kantar caji ofis, wajen bin yaranmu da aka kama, da kuma zama da lauyoyin da suka riƙa taimaka mana. Wannan karatun ba daɗi gare shi ba, shi ya sa nake so ku same shi a nan kyauta, kuna zaune a inuwa.

Bari in fara da abin da ya sa na karɓi wannan maudu'i. Lokacin kamfen da ya wuce, wajen ƙarfe sha ɗaya na dare, wata baiwar Allah ta kira ni tana kuka. Ta ce, "Ɗana, kai ne shugabansu? An zo an tafi da ƙaninka." Wasunku sun san yaron, ba zan kama suna ba. Ba shi ya tsara rubutun ba. Jefo shi aka yi cikin guruf, cewa wani mai muƙami ya karkatar da takin manoma ya sayar, ya gina gida da kuɗin. Yaro ya kwafa, ya manna a shafinsa, ya ɗora hoton mutumin. Aikin bai kai minti ɗaya ba. Ya kwana biyu a caji ofis, aka kai shi kotu, aka aika shi gidan gyaran hali kafin a saurari batun beli. Ya fi mako a can. Jarrabawarsa ta wuce shi. Uwar nan keken ɗinkinta ta sayar.

Tun washegarin kamun na kira wanda ya jefo rubutun. Babba ne a cikinmu, yana saya wa yara data. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina takardun da suka nuna an sayar da takin nan? Lauya yana nema." Ya yi shiru, can ya ce, "Ai ni ma turo min aka yi. Wa ya ce ya sa a shafinsa?" Daga ranar ban ƙara samunsa a waya ba sai da magana ta mutu.

To mene ne ɓata suna a idon doka? Alƙali abu uku yake nema. Shin maganar tana zubar da mutuncin mutum a idon masu hankali, ta sa a raina shi, ko a guje shi, ko a ƙi yin hulɗa da shi? Shin an gane da wa ake? Shin maganar ta kai ga wani mutum na uku? In ka kira mutum a waya, daga kai sai shi, ka ce masa ɓarawo, ka zage shi, kuma zagi ma yana da nasa sashen a doka, amma ba ka ɓata masa suna ba tunda ba wanda ya ji. Da zarar ka sa a guruf, ko mutum uku ne a ciki, magana ta fita. Balle guruf ɗinmu da wani ya haura mutum dubu.

Wajen na biyun nan ne muke yaudarar kanmu. Mu Hausawa gwanayen habaici ne. Sai ka ga yaro ya rubuta, "wani mai farar jif a unguwa kaza, wanda bara ko babur ba shi da shi, Allah ya isa kuɗin marayu." Ya koma gefe yana dariya, wai bai kama suna ba, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. To kotu ba suna take nema ba. Tambayarta ita ce, waɗanda suka san mutumin, da suka karanta, sun gane shi ake nufi? Kuma shaidun ba wahalar samu za su yi ba, suna nan a ƙarƙashin fostin ɗinka. Abokanka ne ma za su shigo su rubuta sunan, su ƙara da "wallahi shi ne". Lauyan mai ƙara zai buga su a takarda ya miƙa wa alƙali, kai kuma kana tsaye a akwati kana kallon sunayen abokanka.

Sai babbar ƙaryar da muke wa kanmu, wato "an ce". An ce, wai, rahotanni na cewa, ana zargin, kamar yadda muka samu. Wasu har sukan rubuta a ƙasa cewa kwafowa suka yi, suna ganin sun wanke hannu. Ba su wanke ba. A doka, wanda ya maimaita ɓatanci tamkar wanda ya ƙirƙire shi ne, kowane sharin sabon yaɗawa ne da sunan wanda ya danna. Mai ƙara kuma shi yake zaɓar wanda zai kai. Ba dole ne ya nemo asalin marubucin ba, wanda galibi da shafin bogi ya yi aikinsa. Wanda ya sa sunansa na gaskiya da hotonsa da unguwarsu, shi ne mai sauƙin kamu. Tsuntsun da ya ja ruwa ake cewa ruwa kan doka, amma a wannan harka sau da yawa wanda ya ja ruwan yana cikin ɗaki, ƙaramin da ya tsaya a fili shi yake jiƙewa.

Akwai bambanci tsakanin abin da aka faɗa da baki da abin da aka rubuta. In ƙarar neman diyya ce, wanda aka ɓata a rubuce ba sai ya nuna ya yi asarar ko sisi ba, doka ta ɗauka an cuce shi. In da baki ne, sai ya nuna asarar da maganar ta ja masa, sai dai a wurare kaɗan: ka ce ya aikata laifin da ake ɗaure mutum a kansa, ko yana da wata cuta mai yaɗuwa da ake ƙyama, ko bai cancanci sana'arsa ko muƙaminsa ba, ko ka jefi mace da lalata. Ku duba da kyau, waɗannan huɗun ai su ne abincinmu na kullum a siyasa. Sojojin baka masu shiga rediyo kada su ce su da baki suke yi, abin da aka watsa a rediyo ko talabijin a layin rubutu ake lissafa shi. Saƙon murya da bidiyon TikTok kuwa suna nan a ajiye ana ta juya su, ni dai ba zan shiga kotu ina taƙama da cewa maganar baka ce ba.

Kuma gogewa ba ta ceto. Tun Dokar Shaida ta 2011, sashe na 84, kotu tana karɓar abin da aka ciro daga waya ko kwamfuta. Kafin ka farka ka goge, ɗaya ɓangaren sun ɗauki hoton fostin ɗin. Suna da yaran da aikinsu ke nan, kamar yadda mu ma muke da su.

Yanzu ta wace ƙofa ake zuwa maka? A kudancin ƙasar nan ana aiki da Kiriminal Kod, mu a Arewa da Abuja Final Kod ce, wadda ta fara aiki a 1960. Sashe na 391 ya bayyana ɓata suna, na 392 ya sa hukunci, ɗauri har shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Na 393 yana magana a kan ƙarya mai cutarwa. In 'yan sanda za su rubuta takardar tuhuma ba sa tsayawa nan, sukan haɗa da sashe na 399 na cin mutunci da gangan, da na 114 na tunzura jama'a. Wasu jihohin kamar Kaduna sun sabunta kundinsu, lambobin sun canza, amma laifin yana nan.

Shekara biyun nan ba ita ce abin tsoro ba, don shari'o'in da yawa ba sa kaiwa ga hukunci. Abin tsoron shi ne hanyar. Kamu, kwana a bayan kanta, a ɗage zama, a ce a tsare ka zuwa ranar da za a dawo, sharuɗɗan belin da sai an nemo babban ma'aikacin gwamnati ko mai takardar fili. Kafin a gama wannan kai da iyayenka kun riga kun biya.

Ba tatsuniya nake muku ba. A Nuwamban 2022 kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, da neman afuwa a bainar jama'a, kan bidiyon barkwanci da suka yi a kan gwamnan lokacin. A wannan watan dai aka ɗauke wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja, aka tuhume shi da sashe na 391 kan rubutun da ya yi a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa. Rubutun ya yi watanni kafin a zo kansa. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi aka janye ƙarar a farkon Disamba. Kada ku ce sai talaka. Dele Farotimi lauya ne sananne, a Disamban 2024 aka ɗauko shi daga Legas aka kai shi Ekiti kan abin da ya rubuta a littafinsa game da babban lauya Afe Babalola. Ya yi kusan mako uku a tsare, sai a Janairun 2025 da Ooni na Ife da wasu sarakuna suka sa baki aka amince a janye. Ku lura da wannan. Legas ta cire ɓata suna daga jerin laifuffukanta tun 2011, amma hakan bai hana a kai shi wata jiha ba. Kai da kake rubutu a ɗakinka, ana karanta ka a jihohi 36.

Ƙofa ta gaba ita ce dokar laifuffukan intanet ta 2015, sashe na 24. Wannan a Babbar Kotun Tarayya ake yinta, hukuncin ya kai shekara 3, ko tarar naira miliyan 7, ko duka. Yadda aka rubuta ta da farko, saƙon da ya ɓata wa mutum rai ma yana iya shiga ciki, shi ya sa aka yi ta kama 'yan jarida da ita. Kotun ECOWAS ta ce sashen ya take 'yancin faɗar albarkacin baki, a 2020 da kuma 2022. A Fabrairun 2024 aka yi gyara, aka taƙaita shi ga saƙon batsa, da saƙon da ka san ƙarya ne ka tura don a samu karyewar doka da oda ko barazana ga rai. Gyara ne mai kyau. Amma har gobe ana rubuta sashe na 24 a takardar tuhuma, kuma kafin lauyanka ya gamsar da alƙali cewa bai shafe ka ba, ka san inda kake kwana.

Akwai ƙofar da nake so in daɗe a kanta, don ita ce ta fi ba ni kunya. A jihohin da suke aiki da shari'ar Musulunci, Zamfara da Kano da sauransu tun wajen 2000, akwai ƙazafi. Ka jefi mutum da zina, ko ka kore shi daga ubansa, ba ka kawo shaidu huɗu ba, bulala 80 ce, kuma shaidarka ta faɗi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ko da habaici ka yi, in an fahimci abin da kake nufi, ka shiga. To ku gaya min, mace ta fito takarar kansila, ko an ba ta muƙami, ko kawai ta yi bidiyo tana goyon bayan ɗan takararta, me yaranmu suke fara rubutawa? Ba sa tambayar me ta karanta, me ta taɓa yi wa unguwarsu. Kai tsaye sai ga mutuncinta, wa ya kai ta, a ina ta kwana. Na ga wannan daga ɗaya ɓangaren a kan 'yan uwanmu mata da suke zaune a nan, kuma wallahi na gani daga namu a kan nasu. Wata aurenta ya girgiza a kan fostin ɗaya. Wata iyayenta suka hana ta fita kamfen har aka gama. Namiji in an ce masa ɓarawo, gobe zai sa babbar riga ya tafi ɗaurin aure. Mace in an jefe ta, har 'ya'yanta sai an goranta musu a makaranta. Duk wanda na kama da wannan a shafukanmu, ba sai an kai shi kotu ba, ni zan fara cire shi.

Wani zai ce, to shugaba, mu naɗe hannu ke nan? A'a. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ka 'yancin faɗar ra'ayinka, duk da sashe na 45 ya yarda a yi dokar da za ta kare haƙƙin wasu. Kuma tun 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara a Inugu ta wanke marubuci Arthur Nwankwo, wanda aka yanke wa ɗauri kan littafin da ya soki mulkin Gwamna Jim Nwobodo na tsohuwar Anambra. Kotun ta nuna cewa mai riƙe da muƙamin jama'a dole ya jure suka, in yana ganin an wuce gona da iri ya je ya shigar da ƙarar ɓata suna. Suka halal ce. Abin da ake so ka sani shi ne da me za ka kare kanka.

Garkuwa ta farko gaskiya ce. Amma ku ji inda gizo yake saƙa: ba mai ƙara ne zai tabbatar ƙarya ka yi ba, kai ne za ka tabbatar gaskiya ka faɗa. "Kowa ya sani" ba shaida ba ce. "Wani na cikin gida ne ya gaya min" ba shaida ba ce, sai in zai zo ya tsaya gaban alƙali ya rantse, kuma ba zai zo ba. A ƙarƙashin Final Kod ma gaskiyar kaɗai ba ta isa ba, sai an ga fitar da ita yana da amfani ga jama'a. Kuɗin asibitin gwamnati ya shafi jama'a. Rigimar mutum da matarsa, ko gaskiya ce, me ya kai ka?

Ta biyu, sharhi na adalci a kan abin da ya shafi jama'a. Wannan ita ce gonarmu, kuma ba ma nomanta. Ka je ka ɗauki hoton titi, ka ce an yi shi bara, ga allon kwangila, ga yadda ya farfashe bana, a ganina wannan aikin banza ne kuma wanda ya karɓe shi bai kyauta wa jama'a ba. Ka faɗi abin da kowa zai iya zuwa ya gani, ka ɗora ra'ayinka a kai, komai zafinsa. Amma da ka ƙara cewa kwamishina da ɗan kwangila sun raba kuɗin, ka bar ra'ayi ka koma bayar da labari, kuma za a ce kawo shaida. Jimla ɗaya ce tsakaninsu. Kuma ku yarda da ni, hoton titin ya fi zagin ciwo. Zagi suna da masu rama musu. Hoton rami da kwanan wata ba shi da amsa sai a zo a cike ramin.

Haka in hukuma ta gurfanar da mutum. Kana iya cewa EFCC ta kai wane kotu kan tuhuma kaza, ya musanta, an ɗage zuwa rana kaza. Rahoton gaskiya na abin da ya faru a kotu ko a zauren majalisa yana da kariya. Abin da ba ka da iko shi ne ka yanke hukuncin da alƙali bai yanke ba, don sashe na 36 ya ce mutum marar laifi ne har sai an tabbatar. Ɗan majalisa in ya tashi a zaure ya faɗi magana, ba a ƙararsa a kanta. Kai ba ɗan majalisa ba ne, shi ma in ya fito ya maimaita a gidan rediyo rigar ta tsaya a zaure.

In kuwa da gaske kana da takardu, akwai inda ake kai su. EFCC, ICPC, a Kano ga hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci. Ƙorafin da ka kai wa hukumar da abin ya shafa da kyakkyawar niyya doka tana kare shi. Sai dai mu da mun miƙa takarda sai mu ɗauki hotonta mu watsa a Facebook kafin mu iso gida, to wannan watsawar kariyar ba ta rufe ta ba. Ga kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ka rubuta wa ma'aikata ka nemi bayanin kwangila, kwana 7 doka ta ba su su amsa. In sun ƙi, ƙin ma labari ne, kuma ba wanda zai kama ka don ka ce ka tambaya an hana ka.

Wani abu da mutane ba su sani ba. Sashe na 308 ya hana a yi ƙarar shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu suna kan mulki. Amma a 2007 Kotun Ƙoli, a shari'ar Donald Duke na Kuros Riba da wata mujalla, ta ce gwamna shi yana iya shigar da ƙara. Wato shi zai iya kai ka, kai ba za ka iya kai shi ba sai ya sauka. Ba adalci nake cewa ba ne, yadda filin yake nake gaya muku.

To idan mu aka ɓata fa? Don ana yi, kuma za a ƙara yi in zaɓe ya matso. Abu na farko, kafin ka ce uffan, adana shaida. Hoton fostin ɗin da sunan shafin da kwanan wata, adireshinsa na intanet, da mutum biyu da suka gani da idonsu. Kada ka rama da zagi. Da ka rama, ka ba shi abin da zai kai ka da shi, sai a wayi gari kai da aka zalunta kai ne a akwati. Amsa ɗaya ta isa, gajeriya, da takarda in akwai. Kada mu kwana bakwai muna maimaita ƙaryar da sunan ƙaryatawa, har wanda bai ji ba ya ji daga bakinmu. Sannan lauya ya rubuta masa wasiƙa, ya goge, ya janye, ya nemi afuwa a inda ya yi ɓatancin, cikin kwanaki kaza. Da yawa a nan suke ƙarewa, don mai ƙarya ya san ba shi da abin riƙewa. In ya ƙi, ga babbar kotun jiha, a nemi diyya. Sai dai ku sani tana cin lokaci da kuɗi, kuma in ka shiga za a tone maganar gaba ɗaya a gaban jama'a. Gwamnan Kano na lokacin ya nemi diyyar naira biliyan 3 daga Jaafar Jaafar da Daily Nigerian kan bidiyoyin 2018, a 2021 ya janye ƙarar daga kotun Kano, kotu ta ce ya biya su naira 800,000 na ɗawainiya. Ba na nan don in ce wa ke da gaskiya. Ina nuna muku ne cewa ko mai mulki sai ya yi lissafi kafin ya bi wannan hanya. Shi ya sa in akwai dattijon da ɓangarorin biyu suke jin nauyinsa, sulhu ya fi araha.

Yanzu ga maganar da na san wasu ba za su so ba, kuma iyayenmu ku yi min afuwa. Ni ban yarda mu riƙa tura 'yan sanda su kamo yaran ɗaya ɓangaren ba. Na san amsar, su ma haka suka yi mana. Gaskiya ne, ni na je beli, na sani. Amma wanda za a kamo ba mai gidansu ba ne. Wani yaro ne kamar wanda na ba ku labari, mai uwa mai keken ɗinki. Kuma mulki juyi-juyi ne, duk wanda ya kai shekaruna a Kano ya ga masu sa a kama sun koma masu neman beli, ba sau ɗaya ba. Sandar da ka nuna wa DPO yadda ake riƙe ta yau, tana nan a ofishinsa ranar da ba kai ne a sama ba. Ghana ta soke dokar ɗaure mutum kan ɓata suna tun 2001, kuma siyasarsu ba ta rushe ba. In da za a tambaye ni, abin da ya kamata 'yan majalisarmu su kai zaure ke nan: wanda aka ɓata ya nemi diyya da afuwa, a bar ɗauri ga mai barazana da mai tunzura rikici.

In ƙaddara ta sa an zo kanka, kada ka gudu, kada ka yi faɗa. Ka sanar da mu da iyayenka inda aka kai ka. Sashe na 35 ya ba ka damar yin shiru har sai ka ga lauya, don haka kada ka rubuta jawabi ko ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba don an ce "rubuta kawai ka tafi gida". Ya kamata a kai ka kotu cikin awa 24 in akwai kotu a kusa, ko awa 48 in babu. Doka ta hana a kama uba ko ƙani a madadin wanda ake nema. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, akwai hukumar bayar da tallafin shari'a ta ƙasa, tana da ofis a jihohi. Kuma in ka san abin da ka sa ba ka da shaidarsa, ka nemi shawarar lauya ka janye da wuri. Neman afuwa tun kafin a yi nisa yana rage diyya, sau da yawa ma yana kashe maganar. Ba faɗuwa ba ce. Yaron da na ba ku labari da afuwar ya fita, wadda da an yi ta a daren farko da bai rasa jarrabawarsa ba.

Saura roƙona ga manyanmu, tunda ga ku a zaune. Ranku ya daɗe, in za ku ba mu abu mu watsa, ku haɗo da takardarsa. In babu takarda, ku fara sawa a shafinku da sunanku, mu kuma mu yi sharin. Admin-admin, daga yau duk rubutun da ya kira wani ɓarawo, ko ya taɓa mutuncin mace, ko ya jingina wa wani laifi, a riƙe shi tukuna, a tambayi wanda ya turo, ina shaida, kuma ka yarda a sa sunanka? In ya ce a'a, a goge, ko wane ne shi. In ya yi fushi ku ce ni na ce, ya kira ni.

Lauyan da ya taimaka mana a shari'ar yaron nan yana tare da mu, bayan sallar la'asar zai zauna ya amsa tambayoyi. Wanda yake da wani tsohon fostin da yake damunsa, ya zo da wayarsa a duba tare.